Farkon Ɗab'in Ibrananci da Dalilin Tsadar Littattafansa a Yau

A watan Disamba na shekarar 2015, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin Niyok ya sayar da cikakken Talmud, wato babban kundin shari'a da muhawarar malaman Yahudawa, a kan dala miliyan 9.3. Ba rubutun hannu ba ne, bugun maɗaba'a ne da aka kammala a birnin Benis na ƙasar Italiya a 1523. Tambayar da ya kamata mutum ya yi ita ce, tun da amfanin ɗab'i shi ne ya yawaita littafi har ya yi araha, ta yaya abin da aka buga da yawa ya koma ya yi irin wannan tsada? Tsufa kaɗai bai isa amsa ba, domin akwai littattafan Latin da suka girme shi waɗanda kuɗinsu bai kai ko kusa da haka ba. Sai an duba abin da ya cinye sauran kwafe-kwafen, wato wuta, da kora daga gari zuwa gari, da alƙalamin masu tace littattafai, da kuma hannun ɗaliban da suka yi ta karatu har takardar ta ƙare. Daga wancan bugu, cikakkun jeri 14 kaɗai aka sani sun rage a duniya.

Johannes Gutenberg, wanda ya fara ɗab'i da haruffan ƙarfe a Turai, ya kammala buga Baibul ɗinsa a Mainz ta Jamus wajen 1455, amma Yahudawan Jamus ba su samu shiga sana'ar a can ba, saboda ƙungiyoyin masu sana'a na biranen ƙasar ba sa karɓar Bayahude a matsayin ɗan koyo. Italiya ce ta buɗe musu ƙofa. A lokacin ƙasar a rarrabe take, kowane gari da sarkinsa ko majalisarsa, wanda aka matsa wa a nan sai ya naɗe kayansa ya koma can. Wajen 1470 wasu mutum uku, Obadiya da Manassa da Biliyaminu, suka buga littattafai kaɗan a Roma ba tare da sun sa musu shekara ba, kuma masana da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin na farko. Littafin Ibrananci na farko mai ɗauke da kwanan wata shi ne sharhin Attaura na Rashi, malamin nan na garin Troyes a Faransa da ya rasu a 1105, wanda Abraham ben Garton ya gama bugawa a Reggio di Calabria a watan Fabrairu na 1475. Kwafi ɗaya tak da ya kusa cika ya rage, yana ɗakin karatu na Palatina a birnin Parma. Irin haruffan da aka yi amfani da su a wannan bugu, waɗanda aka kwaikwayo daga rubutun hannun Yahudawan Andalus, su ne suka zama haruffan buga sharhi har yau, duk da cewa shi Rashi bai taɓa yin rubutu da su ba.

Wahalar da masu ɗab'in farko suka sha ta fi ta takwarorinsu na Latin nesa ba kusa ba. Ibrananci, kamar Larabci, daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma wasullansa ɗige-ɗige ne da 'yan layuka da ake sa wa a ƙarƙashin harafi ko a samansa ko a cikinsa. Nassin Attaura kuma yana da wasu alamomin na daban da ke nuna yadda ake rera karatu. Mai jera haruffan dalma dole ne ya samo dabarar da zai sa kowane ɗigo ya tsaya daidai da harafinsa, a layi bayan layi, ba tare da ya goce ba lokacin da aka danna injin. A bugun Zabura na 1477, wanda masu aikinsa suka rubuta cewa kwafi 300 suka yi, an fara sa wasali a shafukan farko, sannan aka haƙura aka ci gaba da zallar baƙaƙe. Duk wanda ya buɗe littafin yau yana iya ganin daidai inda ƙarfinsu ya ƙare. Sai a 1482, a Bologna, wani mai sana'ar rini mai suna Abraham ben Hayyim ya yi nasarar buga Attaura da cikakken wasali da alamomin rerawa, tare da fassarar Aramiyanci da sharhin Rashi. Wani kwafinsa da aka buga a kan fata ya tashi a kan Yuro miliyan 2.78 a gwanjon Christie's na Faris a 2014.

Gidan da ya fi kowane suna a wannan zamani shi ne na Soncino, zuri'ar da ta taso daga Jamus ta zauna a wani ƙaramin gari mai wannan suna a arewacin Italiya. Joshua Solomon Soncino ya fara da babin farko na Talmud tsakanin 1483 da 1484, sannan a 1488 ya fitar da cikakken Baibul na Ibrananci, karo na farko a tarihin ɗab'i. Ɗan ɗan'uwansa Gershom ya shafe kusan shekara hamsin yana yawo da injinsa, daga Brescia zuwa Fano, zuwa Pesaro da Rimini, daga baya ya tsallaka daular Usmaniyya ya rasu a Santambul a 1534. Ƙaramin Baibul ɗin da ya buga a Brescia a 1494 shi ne Martin Luther, jagoran Furotesta, ya riƙe lokacin da yake fassara Tsohon Alkawari zuwa Jamusanci, kuma kwafin nasa yana nan a Balin.

A ɗaya ɓangaren, Yahudawan Sifen da Fotugal su ma sun kafa maɗaba'u a Guadalajara da Híjar da Lisbon da Leiria. Littafin farko da aka taɓa bugawa a Fotugal, cikin kowane harshe, Attaura ce da Samuel Gacon ya fitar a Faro a 1487, kuma kwafi ɗaya ne ya tsira, yana ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Rayuwar waɗannan maɗaba'u gajera ce ƙwarai, domin an kori Yahudawa daga Sifen a 1492, Fotugal kuma ta bi sahu bayan 'yan shekaru. Mutumin da aka ba wa wa'adin 'yan watanni ya bar ƙasa ba ya iya ɗaukar ɗakin littattafai a kansa, shi ya sa yawancin abin da aka buga a can sai dai a samu warƙa biyu ko uku. Amma wasu sun fita da haruffansu. 'Yan'uwa biyu, David da Samuel ibn Nahmias, suka buga littafin shari'a a Santambul a 1493, wanda shi ne bugu na farko a daular Usmaniyya. Samuel Nedivot da ɗansa Ishaƙ, waɗanda suka koyi aikin a Lisbon, suka kafa inji a Fas ta ƙasar Maroko, inda a 1516 suka sake fitar da wani sharhin addu'o'i da aka taɓa bugawa a Lisbon. Shi ne littafi mafi tsufa mai kwanan wata da aka sani an buga a nahiyar Afirka, kuma abin lura ne cewa 'yan gudun hijira ne suka fara shigo da sana'ar wannan nahiya.

Littattafan da aka buga kafin 1501 su ne masana ke kira inkunabula. Na dukkan harsunan Turai sun doshi bugu dubu talatin, amma na Ibrananci, bisa ƙidayar masani A. K. Offenberg na Amstadam, 139 ne ake da su a ɗakunan karatu na jama'a. Wannan tazara ita ce tushen kasuwar gaba ɗaya.

Wanda ya fi kowa tasiri a kan siffar littafin Yahudawa kuwa ba Bayahude ba ne. Daniel Bomberg Kirista ne, ɗan wani attajiri na Antwerp, ya zo Benis ya zuba dukiyarsa a ɗab'in Ibrananci daga 1516, shekarar da hukumar birnin ta killace Yahudawa a unguwa guda. Ya ɗauki malamai Yahudawa aikin tantance nassi da gyara, cikinsu har da Jacob ben Hayyim, mutumin Tunis, wanda ya shirya bugu na biyu na babban Baibul mai sharhohi a 1524 zuwa 1525, nassin da ya zama abin dogaro na kusan shekara ɗari huɗu. Da izinin Fafaroma Leo na Goma, Bomberg ya buga Talmud na Babila gaba ɗayansa, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin shi, kuma kwafin wannan bugu ne aka sayar a 2015.

Ya kamata a tsaya a dubi shafin da kyau, domin a nan gwanintar take. A tsakiya akwai matani da manyan haruffa masu kusurwa. A gefen da ke kusa da ɗinkin littafi akwai sharhin Rashi da ƙananan haruffa, a gefen waje kuma akwai ƙarin bayanan almajiransa da jikokinsa na Faransa da Jamus. Sharhohin biyu suna farawa a sama da faɗi, su matse su ba matani wuri, sannan su sake buɗewa a ƙasa idan maganarsu ta yi tsawo, kuma dole ne kowane sharhi ya ƙare daidai da kalmomin da ke wannan shafin, kada ɗalibi ya juya takarda yana neman bayani. Wannan lissafi da hannu aka yi shi, shafi bayan shafi. Gidan Soncino ne ya fara tsarin, amma Bomberg ne ya sa wa warƙoƙin lamba, kuma lambobinsa suka zauna. Shi ya sa kowane babi yake farawa daga warƙa ta 2, saboda an ƙirga shafin suna a matsayin ta farko. Bugun Vilna na gidan Romm, na 1880 zuwa 1886, wanda ake kwafa har yanzu, a kan wannan tsari ya tafi. Shirin karatun warƙa ɗaya kullum da aka fara a 1923, wanda ke kammala warƙa 2,711 cikin shekara bakwai da kusan rabi, ba zai yiwu ba in da ba don kowa a duniya yana buɗe shafi iri ɗaya ba.

Masifar da ta auka wa waɗannan littattafai daga rikicin kasuwa ta taso, kuma wannan yana daga cikin abubuwan da suka fi ban takaici a tarihin. A 1550 wasu masu maɗaba'a biyu na Benis, dukansu Kiristoci, Alvise Bragadini da Marco Antonio Giustiniani, suka fitar da bugu biyu masu gogayya na kundin shari'a na babban malamin Yahudawa Musa bin Maimun. Na Bragadini yana da hashiyar malam Meir Katzenellenbogen na Padua, wanda ya sa kuɗinsa a aikin, na Giustiniani kuma ya fi araha. Aka kai ƙara wurin malam Moses Isserles na Krakow, ya yanke hukuncin cewa kada Bayahude ya sayi na biyun sai na farkon ya ƙare. Daga nan kowane ɓangare ya kai ƙarar ɗan'uwansa Roma, yana cewa littattafan wancan suna ɗauke da ɓatanci ga addinin Kirista. Hukumar binciken aƙida ta cocin Katolika ba ta tsaya a kan littafin da ake rigima a kansa ba, sai ta juya kan Talmud. Ranar 9 ga Satumba 1553, wadda ta dace da sabuwar shekarar Yahudawa, aka tara kwafe-kwafen da aka ƙwato gida-gida aka ƙone su a dandalin Campo de' Fiori. A watan Oktoba aka yi haka a dandalin San Marco na Benis, sauran garuruwa suka biyo baya, ɗab'in Ibrananci ya tsaya cik a Benis na kusan shekara goma.

Littattafan da ba a ƙone ba sai aka miƙa su ga masu tacewa, waɗanda galibinsu Yahudawa ne da suka koma Kirista, tun da su ne ke iya karanta harshen. Mai tacewa yakan bi littafi layi-layi yana shafe kalmomi da tawada, sannan ya sa hannu a shafin ƙarshe da harshen Latin ko Italiyanci, tare da shekara. Sunaye irin su Domenico Gerosolimitano da Camillo Jaghel da Luigi da Bologna suna maimaituwa a ɗaruruwan littattafai. Yau idan aka buɗe irin wannan kwafi, a wani wuri za a ga tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa har kalmar da aka so ɓoyewa ta fito fili, a wani wurin kuma ta cinye takardar ta bar rami mai siffar layin. Dillalai ba sa ɗaukar sa hannun mai tacewa a matsayin aibi, domin shaida ce ta inda littafin yake a wata shekara. Amma kwafin da ya tsira babu shafewa ya fi daraja wurin masu nazarin nassi, saboda bugun da suka biyo baya, musamman na Basel na 1578 zuwa 1581, sun cire jimloli, sun sauya kalmomi, har sun zubar da babi sukutum.

Akwai kuma wani dalili na ƙaranci da ba shi da alaƙa da abokan gaba. Waɗannan littattafan karatu ne na kullum, ba na ado ba, ana buɗe su safe da yamma a makaranta da majami'a, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Idan littafi mai ɗauke da sunan Allah ya tsufa, ba a jefar da shi, ana ajiye shi a wani ɗaki da ake kira geniza har a binne shi a maƙabarta. Saboda haka mafi yawan littattafan addu'a da na koyar da yara sun shiga ƙasa ta hannun masu girmama su. Ɗakin geniza na majami'ar Ben Ezra a tsohuwar Alƙahira, wanda Solomon Schechter ya kwashe mafi yawansa zuwa Kambirij a 1897, ya fito da gutsattsarin wasu bugun da ba a ma san an taɓa yin su ba. Sakamakon wannan shi ne, kwafe-kwafen da suka fi tsabta a yau galibi waɗanda suka zauna a hannun Kiristoci ne, inda ba mai karanta su. Talmud ɗin da aka sayar a 2015, mai mujalladi tara, ya yi kusan shekara ɗari huɗu a ɗakin karatu na majami'ar Kiristoci ta Westminster a Landan.

Mai tantance irin wannan littafi daga ƙarshe yake farawa, domin na farko-farko ba su da shafin suna. A warƙar ƙarshe mai ɗab'i yake faɗin sunansa da garinsa da ranar kammalawa, ya yi godiya ga Allah, ya nemi gafarar mai karatu a kan kurakurai. A irin wannan rufewa ne aka san Estellina, matar Abraham Conat na Mantua, ta yi aikin jera haruffa da hannunta. Shekarar kuma da haruffa ake rubuta ta, kamar yadda malamanmu suke rufe waƙa da ramzi, kuma lissafin ya zo ɗaya a wurare da yawa: a haruffan Ibrananci resh 200 ne kamar ra, lamed 30 kamar lam, he 5 kamar ha. Jimlarsu 235, wato shekara ta 5235 a ƙidayar Yahudawa idan aka mayar da dubban da aka saba bari, kuma idan aka ƙara 1240 a kan 235 sai a samu 1475. Daga baya masu ɗab'i suka riƙa ɓoye shekarar a cikin aya, suna girmama wasu haruffa kawai don a ƙirga su, abin da ya jawo saɓani a kan shekarun littattafai da dama. Bayan wannan sai a ƙirga warƙoƙi a ga ko sun cika, a ɗaga takarda a haske a duba tambarin masana'antar da ta yi ta, a kuma lura ko an cike giɓi da warƙar wani kwafi ko da hoto. Shafin suna ma yana iya yaudara, domin bayan Menasseh ben Israel ya kafa maɗaba'a a Amstadam ya fara fitar da littafi a 1627, sunan birnin ya yi tashe har masu ɗab'i a Jamus da Folan suka riƙa buga shi da manyan haruffa, su sa kalmar da ke nuna cewa haruffan ne kawai irin na can da ƙanana.

Manyan tarin da ake da su yau mutane ɗaiɗaiku ne suka fara haɗa su. David Oppenheim, babban malamin Prag da ya rasu a 1736, ya tara bugaggun littattafai sama da 4,000, ya ajiye su a Hanover saboda tsoron masu tacewa, kuma ɗakin karatu na Bodleian a Oksfod ya saye su a 1829. Giovanni Bernardo De Rossi, limamin Katolika kuma malamin harsunan Gabas, shi ya tara abin da Parma ke tutiya da shi. Jack Lunzer, mai fataucin lu'ulu'u a Landan, ya haɗa tarin Valmadonna mai littattafai kusan 13,000. Ya fara ganin Talmud na Westminster a wani baje koli a 1956, ya yi ta nema ana hana shi, sai a 1980 ya sayi wata tsohuwar takardar tarihin majami'ar mai kimanin shekara 900 ya ba su a madadinsa. Mafi yawan tarin nasa ya koma Ɗakin Karatu na Ƙasa na Isra'ila a 2017, amma fitattun guda, ciki har da wancan Talmud, an riga an sayar da su ɗaya-ɗaya, kuma a ganina wannan rarrabawa asara ce, domin darajar tarin tana cikin kasancewarsa a wuri guda inda mai bincike zai jera bugun Fano da na Santambul ya kwatanta.

Kasuwar yau kashi biyu ce, kuma kowanne da ma'auninsa. Jami'o'i da attajirai masu sha'awar tarihi suna neman bugu na farko, cikakke, mai faffaɗan gefe, musamman wanda aka buga a kan fata. Mabiya ɗariƙar Hasidiyya ta Yahudawa kuwa albarka suke nema. A wurinsu littafin Zabura da ya fito daga maɗaba'ar gidan Shapira a Slavuta ko Zhitomir, ko wanda wani shehinsu ya riƙe ya sa wa hannu, yana iya fin wanda ya girme shi da shekara ɗari biyu tsada, ko da ya yage. Gidajen gwanjo irin su Kedem a Birnin Ƙudus da Kestenbaum a Niyok suna hulɗa da duka ɓangarorin, kuma a ɓangare na biyu ne aka fi fama da jabun sa hannu da hatimi, tun da ƙara layi ɗaya na rubutu a kan tsohon littafi ya fi ƙirƙirar littafin sauƙi.

Batun da ya fi nauyi shi ne na asalin mallaka. Gwamnatin Nazi ta wawashe ɗakunan karatu na Yahudawa a duk inda ta mamaye, ta tara su a cibiyoyi irin ta Frankfurt. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun buɗe ma'ajiya a Offenbach a 1946 inda aka tantance miliyoyin littattafai, sannan wata ƙungiyar Yahudawa da masanin tarihi Salo Baron ya jagoranta, wadda masaniyar falsafa Hannah Arendt ta yi wa aiki, ta rarraba kusan rabin miliyan da ba a samu magadansu ba. Ɗakin karatu na al'ummar Yahudawan Roma, wanda aka kwashe a watan Oktoba na 1943 tare da inkunabula da bugun Soncino da na Bomberg, har yau ba a gano shi ba. A 1984 Sotheby's ta yi gwanjon wasu littattafai na makarantar koyar da malaman Yahudawa ta Balin, waɗanda wani malaminta ya fitar da su a ɓoye lokacin yaƙi, babban lauyan jihar Niyok ya kai ƙara, kuma a sulhun 1985 aka dawo da muhimmansu aka ba cibiyoyin da jama'a ke iya shiga. Tun daga lokacin, mai saye da ya san abin da yake yi yakan fara duba hatimin da ke kan warƙar farko, da gurbin da aka kankare, ya kuma nemi a nuna masa a rubuce inda littafin yake tsakanin 1933 da 1945 kafin ya taya.